Ranar da Na Zauna a Gurbin Baba Kolin

Tuƙi aka yi mini alkawari a Doha, wankin mota na tarar.

Sunana Hamisu, mutumin Funtuwa, kuma kafin in fita na daɗe ina jan bas tsakanin garinmu da Zariya. Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya rantse cewa gidan wani attajiri za ni, in riƙa kai yara makaranta. Da muka sauka wata farar bas ta kwashe mu, ta wuce dogayen benayen nan da muke gani a waya, ta yi ta tafiya har suka ɓace a bayanmu, muka shiga unguwar gareji da manyan ɗakunan ajiyar kaya da ake ce wa Sana'iyya. A nan aka nuna mini gadon sama a wani ɗaki da mutane suka yi wa yawa, aka miƙo mini shuɗiyar riga da bokiti da tsumma. Na ce wa mai kula da mu an yi kuskure, ni direba ne. Ya duba katina, ya ce abin da kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin bizata, ya rubuta shi ne sana'ata. “Khalas,” in ji shi, ya juya. Ban buƙaci tafinta ba.

A ƙarƙashin wani katafaren kanti nake aiki, inda masu sayayya ke ajiye motoci. Wurin ba rana, amma kuma ba iska. In zafi ya kama sai ka ji kamar an kifa maka tukunya mai tururi. Ina goge motocin da ko a mafarki ban taɓa riƙe sitiyarinsu ba, in leƙa ta gilashi in ga kujerar direba, hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. A can ƙasan nake ranar da aka yi sunan 'yata. Matata Rukayya ta sa ƙaninta ya kira ni ya ɗaga waya sama don in ji addu'ar liman, ni kuma na tsuguna a bayan wata jif da tsumma a hannu ina amsa amin, har mai motar ya iso ya danna mini hon.

Wanda ya fi ƙona mini rai ba ejan ba ne, don shi dama ban san shi ba. Wani ɗan Sudan da nake wanke wa mota ya ji labarina, ya ce kamfaninsu na neman direba, in zo ranar Lahadi, har ya kwatanta mini ofishin. Murna ta sa na gaya wa wani ɗan jiharmu da muke ci a kwano ɗaya. Da Lahadi ta zo na tafi, aka ce ai an cike gurbin tun jiya: ɗan jihar nan tamu ya zo, ya ce ni na turo shi saboda na fasa. Kafin in koma ɗaki ya kwashe kayansa. Na yi kwanaki ba na cin abincin kirki.

Awudu ne ya tsamo ni. Bakanike ne, Bahaushen zangon Kumasi, garejinsu na bayan masaukinmu, kuma masallaci ɗaya muke salla. Hausarsa takan ba ni dariya, don a bakinsa mota namiji ce, mace ma wani lokacin namiji ce. Ya lura na rame, ya ja ni garejin, ya ajiye mini shinkafa da wake da wani baƙin yajinsu da suke kira shito, ya tsaya a kaina sai da na cinye. Sannan ya jefo mini makulli.

“Mota nan, shiga ka juya shi mu gani. Kowa yana ce shi direba ne.”

Na fitar da ita da baya ta wani lungu da da ƙyar ya fi faɗinta. Washegari Awudu ya kai ni wurin maigidansa, wanda ke gyara motocin wani kamfani mai ba da hayar direbobi. Hanyar ta yi tsawo. Sai da aka lallashi kafil ɗina na farko ya sake ni, aka sa ni makarantar tuƙi kamar wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, na kuma faɗi jarrabawar farko a wurin tayar da mota kan tudu, ni da na yi shekaru ina hawa da bas cike da buhunan masara. A karo na biyu na ci. Ranar da lasin ya fito, Awudu ya fi ni rawar jiki.

Kamfanin ya haɗa ni da wani dattijon Bature ɗan Ingila mai suna Kolin, injiniyan famfunan ruwa, da ke zaune shi kaɗai a wani bene a Al-Sadd. Matarsa ta rasu, 'yarsa na can ƙasarsu. Mutum ne mara magana. Ba ya son rediyo, ba ya son a taka burki da ƙarfi, kuma duk lokacin da ya ce in zo, zan tarar da shi tsaye a bakin ƙofa. Watannin farko, in ban da gaisuwa da kwatancen hanya, ba abin da ke haɗa mu. Oga nake ce masa. Na ɗauka haka za mu ƙare.

Da sanyi ya fara shigowa, wata ranar Alhamis ya tambaye ni ko zan iya zuwa gobe da zarar na idar da sallar asuba. Ya ce zai sallame ni kafin sallar Juma'a. Na zo na same shi a ƙasan bene cikin kaya: dogayen jakunkuna kamar na bindigogi, wani akwati mai ƙafafun ƙarfe, bokitai, raguna. Gabana ya ɗan faɗi, amma na loda. Muka yi arewa har Umm Salal, muka sauka daga kwalta, aka buɗe mana ƙofar wata gona.

Ban san akwai irin wannan wuri a Qatar ba. Dabino ne jere reras, ga filayen ciyawar dabbobi kore shar, sannan a tsakiya wani tafki da aka haƙa don tara ruwan ban-ruwa, gefensa duk dogayen ciyayi irin na fadama. Ruwan kwance yake, ba ya gudu, wani ɗan tururi na tashi a kansa. Ina buɗe ƙofar mota ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni, ga kurciya na kuka. Sai na gan ni a bakin dam ɗin Mairuwa da damina. Na zagaya bayan mota kamar ina duba taya, ban fito ba sai da idona ya bushe.

Mai gonar Abu Nasir ne, wani dattijo ɗan ƙasa da ya yi karatu a Ingila yana saurayi, ya kwaso son fatsa daga can. Shi ya sa aka kawo masa 'ya'yan wani kifi da suke kira kaf, ya zuba a tafkin suka girma. Kifi ne mai kauri, ruwan zinariya, da manyan ɓawo da ɗan gashin baki, wani ya kai cinyar ƙato. Duk Juma'ar lokacin sanyi wata 'yar ƙungiya, Turawa da 'yan Filifin da Larabawa kaɗan, kan taru su yi gasa. Kowa ya sa hannu a jaka ya zaro lamba, ita ce gurbin da zai zauna a bakin ruwa. A busa usur a fara, a busa a daina. Abin da ka kama ka zuba shi da ransa a wata doguwar raga da ke nutse a gabanka. A ƙarshe a bi gurbi-gurbi da sikeli, wanda kifinsa ya fi nauyi ya fi samun maki, a yi ta tara makin har ƙarshen sanyi a ba da kofi.

Duk wannan na fahimta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bayan an auna, sai na ga Oga ya kama gindin raga ya juye kifin nan duka cikin ruwa. A hanya na tambaye shi ko haramun ne a addininsu. Ranar na fara jin dariyarsa. Ya ce in suka cinye, me za su kama mako mai zuwa? Da na ba Awudu labari, ya ce in yi hankali da mutumin, ƙila rana ta taɓa shi.

Sauran direbobi kan kwantar da kujera su yi barci a mota. Ni na kasa. Nakan kifa bokiti in zauna a bayan Oga ina kallo, kuma a hankali na gane abin ba zaman banza ba ne. Sandarsa doguwa ce ƙwarai, gaɓa-gaɓa ake haɗa ta, ba ta da nauyi, a cikin bakinta akwai roba mai miƙewa wadda ake ɗaura zare a jikinta. A kan zaren akwai wani ɗan tsinke mai jan kai da ke tsayawa a ruwa. Shi ne alama, in ya nutse to kifi ya ɗauka. Hannun Oga ba ya hutawa. Ya harba 'yan ƙwayoyin abinci da danƙo, ya ɗaga alama ya sake ajiyewa, ya canza ƙugiya, ya rage zurfi.

Wata Asabar da ya je gwaji shi kaɗai, ya tashi daga kan akwatin ya ce in zauna. Alama na nutsewa na fizga kamar mai jan akuya, zare ya tsinke. Na ɗauka zai yi faɗa. Ya ɗaura wata ƙugiya kawai, ya ce ɗagawa ake yi ba fizga ba, kuma ba ni zan gajiyar da kifi ba, aikin roba ne. Kifina na farko sai da ya kai ni gabas ya kai ni yamma kafin ya yarda ya shiga koma. Na ɗaga shi, Oga ya ɗauke ni hoto. Tun daga ranar na koma ce masa Baba Kolin, shi kuma bai hana ba.

Sanyi biyu ina koyo. Ya koya mini auna zurfin ruwa, da yadda iska ke tura kifi gefe guda, da ba su abinci kaɗan-kaɗan ba yankewa. Na taɓa kawo tawa dabarar: na kwaɓa daddawa a cikin abincin, a ganina warinta zai kira kifin tafkin duka. 'Yan ƙananan karfasa ne kawai suka amsa gayyatar, mota kuma ta yi mako guda tana wari. Abin da ya fi nanata mini shi ne maganar gefe. Ya ce manyan kaf na gudun hayaniya, sai gasa ta yi nisa suke lallaɓowa bakin ciyawa, dab da ƙafafun mutum, neman abin da ya zube. Don haka ka riƙa zuba masara a nan tun farko, amma kada ka saka ƙugiya sai can ƙarshe, bayan sun taru sun saki jiki. Wanda ya yi gaggawa zai kama ɗaya ya kori saura.

A hanyar dawowa ne bakinsa ke buɗewa. Ya ba ni labarin matarsa, wadda a can ƙasarsu takan zauna a bayansa da shayi a filas, kamar yadda nake zama. Ni kuma in nuna masa bidiyon 'yata tana koyon tafiya. Shekara da shekaru yana neman kofin nan bai samu ba. Kullum wani ɗan Filifin mai suna Ramil, ma'aikacin jinya a wani asibiti a Al-Sadd, ke shan gabansa. A sanyi na biyu sai abin ya juya. Saura gasa ɗaya a rufe, makinsu ya zo daidai.

Cikin 'yan makonnin da suka rage kafin gasar ƙarshe, muna kan hanyar ofis, ya fara ce mini wani abu, sai na ji maganar ta narke a bakinsa. Na duba madubi na ga gefen fuskarsa ya saki. Na taɓa ganin haka a jikin kawuna. Ban tambayi kowa ba na juya kan mota zuwa asibiti, ina hon ina salati. Likitoci suka ce an kawo shi da wuri. Bayan 'yan kwanaki magana ta dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun dama ya ƙi riƙe ko da cokali.

Sauran abubuwa suka biyo da sauri. Kamfaninsa ya ce ya koma gida ya yi jinya, 'yarsa ta fara shirin zuwa ɗaukarsa. Namu kamfanin kuma ya kira ni ya ce kwantiragina a jikin nasa yake, ba su da wani gurbi, in shirya komawa Najeriya da zarar ya tafi. Na zauna a mota a gaban asibiti ina tunanin abin da zan je in ce wa Rukayya. Ginin da muka fara ko linta bai kai ba. Baba Kolin ya yi ta danna waya da hannun hagu yana kiran abokan aikinsa, kowa ya ce zai duba.

Ranar da aka sallame shi, ina ɗaura masa bel, ya ce dokar ƙungiyarsu ta yarda mara lafiya ya sa wani ya zauna masa sau ɗaya, makin ya shiga sunansa. Na ce to wa zai kira.

“Kai,” ya ce.

Na ce ni direba ne, ban taɓa zama a gasa ba, zan zubar masa da abin da ya tara.

“In ka zubar, nawa ka zubar. Ba na son kowa ya zauna a akwatina sai kai.”

Ranar Alhamis da la'asar ya sa na hau sama, karon farko da na zauna a falonsa. Ya shimfiɗa zare da ƙugiyoyi a kan teburin cin abinci, yana faɗa ina ɗaurawa, in ta karkace ya ce in yanke in sake. Da na gaya wa Rukayya a waya, ta tambaye ni ko lafiyata lau: ana shirin koro ni, ni kuma ina maganar kifi. Na ce mutumin nan ya roƙe ni, ba ni da abin da zan ba shi sai wannan. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, za ta gaya wa Inna ta sa ni a addu'a, amma ba za ta ce mata ta kifi ce ba.

Ranar gasa, tun kafin a zaro lamba magana ta tashi. Sakataren ƙungiyar ya ce doka ta ce wani, amma abin da ake nufi ɗan ƙungiya, ba ma'aikacin mutum ba. Yana maganar bai kalle ni ba. Ina tsaye da jakar sanduna a kafaɗa, ji nake kamar in ajiye in koma mota. Ramil ne ya fara cewa shi ba ya son kofin da za a ba shi don abokin karawarsa na kwance. Abu Nasir na zaune a kujerarsa yana shan gahawa. Ya bari kowa ya gama, sannan ya ce ya daɗe yana ganin mutumin nan a bakin ruwansa, kuma ruwan nasa ne. “Yalla, a kawo jaka.”

Na zaro gurbin can ƙarshen tafki, kusa da ciyawa. Ramil ya zaro wanda ke damana. Doka ta hana a ba mai gasa shawara, don haka aka ajiye wa Baba Kolin kujera can nesa a gindin dabino. Na yi bisimilla, aka busa usur.

Farkon gasar bai yi mini kyau ba. Garin sauri na zubar da rabin gwangwanin masara a kan takalmina. Kifin farko da ya ɗauka, tsohon halina ya dawo, na fizga, ya tafi da ƙugiya. Ramil kuwa kamar inji: ya miƙa sanda, ya ɗaga, roba ta fito, koma ta shiga ruwa. Ba na son in kalla, amma ina jin fantsamar kowane kifi da ya jefa a ragarsa. Na ajiye sanda, na wanke fuska da ruwan tafkin, na ce wa kaina ai wannan bai fi hanyar Zariya ranar kasuwar Giwa ba. Na sake ɗaura ƙugiya a natse. Daga nan suka fara zuwa, matsakaita, ɗaya bayan ɗaya. Ban kamo Ramil ba, amma ya daina yi mini nisa. Kuma duk bayan ɗan lokaci nakan jefa 'yar masara a bakin ciyawa ta hagu.

Da rana ta ɗaga iska ta kwanta, kifin tsakiya suka ɗauke ƙafa. Tafkin ya yi tsit. A lokacin ne na ga ruwan gefena ya gurɓace, ciyawa na motsi ba iska, sai ga wata wutsiya mai faɗin tafin hannu ta ɓullo ta koma. Zuciyata ta ce yanzu. Har na kai hannu zan rage sanda, na tsaya. Ɗaya ce kawai na gani. Na ƙara masara, na mayar da idona tsakiya inda ba abin da ke faruwa, na zauna ina kallon alamar da ba ta motsi, alhali Ramil ya sake samun biyu. Ban taɓa yin jira mai wuya irin wannan ba. Na waiga sau ɗaya wajen dabino. Baba Kolin ya jawo hularsa ya rufe fuska, don kada a ce ya yi mini ishara.

Sai da mai usur ya tashi daga kujerarsa ya fara kai-komo yana duba agogo, wutsiyoyin kuma sun yi yawa har suna ture juna, sannan na rage sanda na saukar da ƙugiya a hankali a bakin ciyawa. Alamar ko gama zama ba ta yi ba ta ɓace. Na ɗaga. Robar ta fita kamar ba za ta tsaya ba. Wannan kifi shi kaɗai ya kai uku na waɗanda na kama da safe. Na saka shi a raga, na zuba masara, na koma, wani ya ɗauka. Haka aka yi ta yi. Ma'aikatan gona suka bar aikinsu suka jeru a bayana.

Na ƙarshen bai yi kama da sauran ba. Bai gudu ba da farko, ya dai tsaya kamar na maƙalo dutse, sannan ya juya ya nufi dama, kai tsaye cikin ruwan Ramil. Doka a nan a fili take: kifin da ya shiga gurbin maƙwabci, in maƙwabcin ya yi ƙorafi, ba a saka shi a awo. Ramil ya kalli robata da ta ratsa gabansa, ya kalle ni. Sai ya ɗaga sandarsa ya fitar da ƙugiyarsa daga ruwa.

“Ci gaba, ɗan'uwa,” ya ce. “Ni ban ga komai ba.”

Aka busa usur kifin na can. Na ɗaga murya na sanar cewa akwai kifi a ƙugiya, don wanda ya ɗauka kafin busa ana ba mutum ɗan lokaci ya fito da shi. Na nutsar da bakin sanda cikin ruwa kamar yadda aka koya mini, na bar roba ta yi aikinta. Kafaɗata ta ɗau zafi. Ya zo bakin koma ya ga inuwata ya koma, ya sake zuwa ya sake komawa. Daga bisani ya juyo da gefensa, ya buɗe baki ya sha iska, na tura koma ƙarƙashinsa. Na kasa ɗaga ta da hannu ɗaya. Sai da na ajiye sanda na rungumo ta da biyu, na zauna daɓas a cikin laka. Wani ɗan Bangladesh daga cikin ma'aikatan gona ya yi kabbara.

Kafin masu sikeli su iso ƙarshen tafki an riga an san sauran ba su kusa ba, tsakanina da Ramil ne. Aka auna nasa, sakatare ya faɗa, aka tafa. Aka zo nawa, sai da aka kasa shi kashi-kashi don jakar awo ba ta ɗauka. Sakatare ya haɗa, ya sake haɗawa, ya cire tabarau. Na fi Ramil, kuma ratar ba ta kai rabin nauyin kifin nan na ƙarshe ba. Sakataren da kansa ne ya fara miƙo mini hannu.

Ban san lokacin da Baba Kolin ya taso ba. Na gan shi kawai yana ratso mutane yana jan ƙafa, hannun dama rataye a ƙirji. Ya kama wuyana da na hagu ya haɗa goshinsa da nawa, da laka da ƙarnin kifi da komai. Da ya sake ni na je wurin Ramil na ce masa da ya yi ƙorafi da kofin nasa ne. Ya ce ya sani, kuma baɗi ba zai ɗaga mini sanda ba.

Na ce masa baɗi ina Funtuwa. Abu Nasir na kusa, ya tambayi dalili, Baba Kolin ya yi masa bayani. Dattijon ya ja carbinsa, sannan ya ce lokacin Juma'a ya gabato, kuma ba zan shiga masallaci da waɗannan kayan ba. Ya sa aka kawo mini farar jallabiya daga cikin gida. Bayan an idar, muna saka takalma, ya ce yana da motar gona da ba ta da tsayayyen direba, yana kuma da tafki da ke bukatar mai duba injinan ba ruwa iska da ciyar da kifi da bazara, lokacin da kowa ke gudu. Ya ce aikin ba sauƙi, zafin gona ya fi na gari. Ya tambaye ni ko ina so. Na amsa tun bai rufe baki ba.

Takardu suka ɗau lokaci, amma suka fito. Awudu ne ya ɗauko ni da kayana a motar garejinsu ya kawo ni gonar, ya zagaya tafkin yana girgiza kai. Baba Kolin ya bar mini sandunansa da akwatin duka. Ya ce a can ƙasarsu kallo kawai zai riƙa yi. Har yau duk Juma'a da yamma sai ya kira ya ji gurbin da na zaro da abin da na kama, ya kuma yi mini faɗa in na yi gaggawa. Na je gida hutu na ɗauki 'yata da hannuna. Kofin shekarar da ta biyo, Ramil ne ya ci, kuma bai ɗaga mini sanda ba.

Shi kofin ba ya barin gona. A majalisin Abu Nasir yake zama, sunan wanda ya ci kawai ake ƙarawa a gindinsa. Kafin Baba Kolin ya tashi ya kafe cewa suna biyu za a rubuta, nasa da nawa, muka kai wa wani mai zanen ƙarfe a kasuwa. Da muka koma karɓa, nasa ya fito daidai, nawa kuwa mutumin ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji: Khamis Fantawa. Ran Baba Kolin ya ɓaci, ya ce sai an goge an sake. Na ce a bar shi haka, ni na san ko wane ne.

Duk baƙon da ya ɗauki kofin ya juya shi ya tambayi wane ne wannan Khamis ɗin, Abu Nasir yakan tashi. Taga yake buɗewa, ya nuna masa bakin tafki inda nake aiki.